Taguwa Tilo: Tarihin Wani Lissafi Daga Sikotilan Zuwa Bakin Kogin Wouri

 

Maganarmu ta yau wasiƙa ce ta jawo ta. Wani dattijo mai shagon atamfa a kasuwar Kongo, mazaunin unguwar Hausawa ta New Bell a Duwala, shi ya rubuto mana. Ya ce ɗansa ya gama digirin farko a fannin fiziks a Jami'ar Duwala, yanzu kuma yana son ya zarce, wai zai yi bincike a kan wani abu da ake kira soliton. Alhaji ya ce: "Na tambaye shi mene ne wannan, sai ya ce mini lissafin taguwar ruwa ne. Mu da ruwa ke shigo mana har ɗaki kowace damina, sai an je jami'a kafin a san taguwa? Ga shago yana jiransa, ni kuma ƙarfi ya fara ja baya."

Alhaji, Allah ya ja da ranka, tambayarka tana kan hanya. Ba mu za mu yanke muku hukunci ba, wannan tsakanin uba ne da ɗansa. Abin da za mu iya shi ne mu ba da tarihin wannan ilimi, daga inda ya faro har yadda ya iso Kamaru, don in za a yi shawara a yi ta da sani.

Mutumin da ya bi ruwa a kan doki

A watan Agusta na 1834, lokacin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana kan gado a Sakkwato, wani saurayi injiniya mai suna John Scott Russell yana aiki a bakin wani kanal kusa da birnin Edinbura a ƙasar Sikotilan. Kanal shi ne hanyar ruwa da mutane suka haƙa da hannu domin jiragen kaya, ba faɗi sosai, ba zurfi. Shekarunsa 26, kuma aikinsa shi ne ya gano irin ginin jirgin da zai fi gudu a cikin irin wannan ruwa.

Ran nan dawaki biyu suna jan wani jirgi da sauri, sai jirgin ya tsaya cak. Ruwan da ya taru a goshin jirgin bai tsaya ba. Ya dunƙule ya zama tudu guda, sumul, ya bar jirgin a baya ya kama hanya. Tsawonsa kamar mita 9, tashinsa kamar santimita 30 zuwa 45, gudunsa kamar kilomita 13 ko 14 a awa. Russell yana kan doki, sai ya sakar masa linzami ya bi shi. Ya bi shi kilomita biyu zuwa uku, tudun nan bai fashe ba, bai baje ba, sai a hankali ya riƙa raguwa har ya ɓace masa a kwane-kwanen kanal.

To, mene ne abin mamaki a nan? Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gadar Wouri ya ga kwalekwale mai inji ya wuce, ya san yadda taguwa take. Takan zo jere, tudu da kwari, tudu da kwari, ta bazu, ta mutu. Wanda ya je bakin teku a Limbe ko Kribi kuma ya ga ɗaya halin nata: takan taso, ta yi goshi, ta kife, ta zama kumfa. Ko dai ta baje, ko ta fashe. Wannan ta Russell ita kaɗai ce, ba ta da ta gaba ba ta da ta baya, kuma ta ƙi yin ko ɗaya. Mu a nan za mu kira ta taguwa tilo.

Russell bai bar maganar a bakin kanal ba. Ya gina dogon kwami na ruwa a gidansa, ya riƙa tayar da irin wannan taguwa yana aunawa. Ya gano cewa wadda ta fi tsayi ta fi gudu. Ya gano cewa in ka tura ruwa mai yawa, yakan rabu ya zama taguwa biyu ko uku, babbar a gaba, ƙanana a baya. A 1844 ya buga rahotonsa.

Shekara sittin ana gardama

Manyan malaman Ingila na lokacin, George Airy da George Stokes, ba su gamsu ba. Lissafinsu ya nuna musu cewa taguwa irin wannan ba za ta daɗe da siffarta ba. Su ne manya, maganarsu ce ake ji. Russell ya koma ginin jirage. Da hannunsa a ginin Great Eastern, jirgin da ya fi kowane girma a zamaninsa, wanda a 1866 ya shimfiɗa wayar tangaraho a ƙarƙashin teku tsakanin Turai da Amurka. Ku riƙe maganar wayar ƙarƙashin teku, za mu dawo kanta.

Gaskiyarsa ta fara fitowa a hannun wani Bafaranshe, Joseph Boussinesq, a 1871 da 1872, da Lord Rayleigh na Ingila a 1876. Russell ya rasu a 1882. Sai a 1895 wani malami a Amsterdam, Diederik Korteweg, da ɗalibinsa Gustav de Vries, suka buga jimlar lissafin da har yau ake kira da sunansu, a taƙaice KdV. Jimlar lissafi ita ce abin da 'yan lakwal ke kira ekwasiyon, 'yan boko na Najeriya su ce ikweshan: magana ce a rubuce da alamomi, mai cewa wannan gefe daidai yake da wancan.

Abin da jimlar KdV ta bayyana ba shi da wuyar fahimta. Ƙarfi biyu ne ke ja-in-ja a cikin taguwa. Na farko yana son ya baje ta, domin dogayen taguwoyi sun fi gajeru sauri, sai su rabu da juna a hanya kamar ayarin da wasu ke kan raƙuma wasu a ƙasa. Na biyu yana son ya kifar da ita, domin ƙololuwarta ta fi gindinta gudu, sai ta riƙa hawa kan na gabanta. Idan ɗaya ya rinjayi ɗaya, taguwa ta mutu. Amma akwai wata siffa guda da ƙarfin nan biyu ke yin kunnen doki, kowane ya kashe aikin ɗan'uwansa. Wannan siffa ita Russell ya bi a kan doki.

Daga nan aka rufe littafi. An ɗauka ƙaramar magana ce ta masu kanal, an kuma gama ta. Jimlar KdV ta yi barcin kusan shekara saba'in.

A cikin wannan barcin ne aka haifi unguwar da Alhaji yake zaune. Jamusawa sun ƙulla yarjejeniya da sarakunan Duwala a 1884. Daga 1910 suka ƙuduri aniyar ƙwace filayen bakin kogi, su mayar da 'yan ƙasa baya, a bar fili mai faɗin kilomita ɗaya tsakanin Turawa da baƙar fata. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. Sabon wurin da aka ware shi ne New Bell. Yawancin mutanen Duwala ba su yarda sun tare can ba, sai ya zama masaukin baƙi: Bamileke, Basa, mutanen yankin Yawunde, 'yan Najeriya, da Hausawa fatake waɗanda suka gangaro ta Adamawa, ta Banyo da Tibati da Yoko, da fataucin goro da hauren giwa da roba da shanu. Kakanninmu ke nan.

Na'ura ta tono abin da aka binne

A watan Mayu na 1955, watan da aka yi tarzomar 'yan neman 'yanci a titunan New Bell, wani rahoto ya fito a Los Alamos ta Amurka, wurin da aka ƙera bam na nukiliya. Masana uku, Enrico Fermi da John Pasta da Stanislaw Ulam, sun samu ɗaya daga kwamfutocin farko na duniya, mai suna MANIAC, suka ce bari su gwada ta da wata tambaya. Wata mata, Mary Tsingou, ita ta rubuta wa na'urar umarni, amma shekaru da dama ba a ambaton sunanta tare da nasu, sai daga baya aka gyara.

Ku ɗauki carbi mai ƙwaya 32 ko 64, amma a maimakon zare, roba ce tsakanin ƙwaya da ƙwaya. A ɗaure bakinsa biyu, a ja tsakiya a saki. Kowa ya ɗauka cewa motsin zai watse cikin ƙwayoyin nan, ya rikice, kamar ɗigon shuni a cikin randa: in ya bazu ba ya sake taruwa. Ai kuwa sai na'ura ta nuna akasin haka. Motsin ya ɗan watse, sa'an nan ya tattaru ya komo kusan yadda aka fara. Shuni ya koma ɗigo. Fermi ya rasu a 1954 ba a san dalili ba.

Bayan shekara goma, a 1965, Martin Kruskal na Jami'ar Princeton da Norman Zabusky na ma'aikatar bincike ta Bell suka koma kan tambayar. Wannan Bell ɗin na mai ƙera tarho ne, ba shi da dangantaka da gidan sarautar Duwala. Suka ce, a mayar da ƙwayoyin carbin nan ƙanana ƙwarai, masu yawa ƙwarai, har ya zama kamar igiya guda, wace jimla za ta fito? Sai ga KdV, ta ruwan kanal, wadda aka manta.

Suka sa ta a kwamfuta, suka ga abin da ba wanda ya zata. Motsin ya rabu ya zama jerin taguwoyi tilo. Babba ta taso daga baya ta cim ma ƙarama, suka haɗe, suka cakuɗe. Kowa yana jiran su farfashe. Sai ga babbar ta fito ta gaba da tsayinta da gudunta, ƙaramar ta fito ta baya da nata, ba abin da ya ragu. Alamar karon guda ce: babbar ta ɗan yi tsalle gaba, ƙaramar ta ɗan ja baya. Tun da suna yin hali irin na ƙwayoyin zarra, waɗanda sunayensu ke ƙarewa da "on" kamar elektron da proton, sai suka raɗa musu suna soliton. Kalmar da ɗan Alhaji ya faɗa ke nan, kuma yanzu ta haura shekara sittin.

Abin da ba ya canzawa

Sauran tambaya: me ya hana su farfashewa? A nan ne lissafi na gaske ya shigo, amma ɗan kasuwa zai gane shi da wuri.

Mai shago uku yana iya kwashe kaya daga wannan ya kai wancan, ya ba da bashi, ya karɓi bashi. Kullum fuskar shagunan tana canzawa. Amma in ba riba ba asara, jimillar jari tana nan yadda take, kuma da ita yake kama yaron da ya yi masa ha'inci. A fiziks ma akwai irin wannan jari, abubuwan da komai motsi ba sa ƙaruwa ba sa raguwa. Galibi kaɗan ne: yawan ruwan, da ƙarfin tunkuɗarsa, da kuzarinsa. Bari mu kira su ajiyayyu.

Tun tsakiyar ƙarni na 19 Joseph Liouville na Faransa ya nuna cewa, in ajiyayyu sun kai yawan hanyoyin da abu yake iya motsi, kuma ba sa karo da juna, to lissafinsa zai warware sarai. Irin wannan shi ake kira mai warwaruwa. Rana da duniya su biyu, lissafinsu yana warwaruwa, tun zamanin Newton. Ƙara musu na uku, sai abu ya cuɗe, kamar yadda Henri Poincaré ya nuna wajen 1890. Yawancin al'amuran duniya irin na biyun ne, shi ya sa masu hasashen yanayi ba sa iya gaya mana ruwan wata mai zuwa rana-rana.

Ruwa kuwa hanyoyin motsinsa ba iyaka, saboda haka in zai warware sai ya samu ajiyayyu marasa iyaka. Kruskal da abokansa a Princeton suka shiga nema a cikin KdV. Suka samu na huɗu, na biyar, suka yi ta hawa, har wani matashi cikinsu, Robert Miura, ya fitar da na goma da alƙalami da takarda. A 1968 suka tabbatar cewa ba su da ƙarshe. Ga dalilin da ya sa taguwar ba ta iya farfashewa: an ɗaure ta da alƙawura marasa iyaka, duk inda za ta juya akwai wanda zai hana ta.

A 1967 kuma su huɗu, Clifford Gardner da John Greene da Kruskal da Miura, suka fito da dabarar warware jimlar ɗungurungum. Dabarar kamar ta mai sayen tukunya ce a kasuwa. Ba ya fasa ta don ya ga cikinta, ƙwanƙwasa ta yake yi ya saurara, daga amon ya san ko da tsaga. Su ma sai suka ɗauki siffar taguwar kamar tukunya, suka ƙwanƙwasa ta da wata jimla ta fiziks ɗin ƙwayar zarra, wadda ake kira ta Schrödinger, suka karanta amonta. Abin mamakin shi ne, siffar tana ta canzawa da lokaci, amma muryoyin amon ba sa motsi, kuma kowace murya soliton guda ce. In ka san amon, sai ka bi baya ka sake gina siffar a kowane lokacin da kake so.

Salsala

Yanzu mun iso zuciyar magana. A 1968 Peter Lax, Bayahude ɗan Hangari wanda iyayensa suka gudu da shi Amurka a 1941, ya duba aikin mutanen Princeton ya tambaya: KdV ce kaɗai ke canza siffar tukunya ba tare da taɓa amonta ba? Amsa: a'a. Akwai wata a samanta wadda ta fi ta tsawo da wuya, akwai wata a saman wannan, haka har abada. Malamai suna lasafta su da mara: ta ɗaya, ta uku wadda ita ce KdV, ta biyar, ta bakwai. Kowane ajiyayye guda yana haifar da jimlarsa. Wannan jeri shi Turawa ke kira da kalmar da ke nufin matakan sarauta, amma mu salsala ta fi dacewa da shi, irin wadda almajiri ke jerowa: na karɓa daga wane, shi daga wane. Asali ɗaya, gado ɗaya.

Abin da ya sa suka zama 'yan gida ɗaya shi ne ba sa damuwa da wa ya riga. A al'ada tsari yana da muhimmanci: wadda ta daka sa'an nan ta tankaɗe ta samu gari, wadda ta tankaɗe sa'an nan ta daka ba ta samu komai ba. Amma a cikin salsala, in ka tafiyar da taguwa da jimla ta uku sa'an nan da ta biyar, ko ka fara da ta biyar ka bi da ta uku, wuri ɗaya za ka sauka. Kamar kowace jimla tana da agogonta, kana iya murɗa kowane ba tare da ka ɓata sauran ba.

Daga nan ƙofa ta buɗe, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, amma ilimin yana tsallake iyaka. A Tarayyar Sobiyet, Boris Kadomtsev da Vladimir Petviashvili suka rubuta a 1970 jimlar taguwa mai tafiya a fili, ba a cikin kwararo kaɗai ba, ana kiranta KP. A 1971 Vladimir Zakharov da Ludvig Faddeev suka nuna cewa KdV mai warwaruwa ce daidai da ma'anar Liouville. A wajen wannan lokacin kuma Zakharov da Alexei Shabat suka warware wata jimlar daban, wadda daga baya ta zama ta haske a cikin zaren gilashi. A Japan, Morikazu Toda ya samu nasa carbin mai warwaruwa a 1967, Ryogo Hirota kuma ya fito da hanyar rubuta karon soliton komai yawansu a 1971.

Sai 1981, Mikio Sato na birnin Kyoto ya hango dajin gaba ɗaya. Ya nuna cewa salsalar KP uwa ce, ta KdV da wasu da dama rassanta ne, kuma duk jimlolin nan marasa iyaka ana iya tattara su a cikin abu guda da ake kira tau, sunan wani harafin Girkanci. Ɗalibansa da abokan aikinsa, Date da Jimbo da Kashiwara da Miwa, suka faɗaɗa aikin. Lax ya karɓi lambar Abel, ɗaya daga manyan lambobin lissafi na duniya, a 2005. Masaki Kashiwara ya karɓe ta a 2025.

Abu mafi ban mamaki ya zo a farkon shekarun 1990. Edward Witten, masanin fiziks a Amurka, yana nazarin abin da ba ruwansa da ruwa: ƙidayar da ta shafi shimfiɗu masu rami, irin ƙwallo da ba ta da rami, zobe mai rami ɗaya, da masu biyu da uku. Ya yi hasashen cewa lambobin da ke fitowa daga wannan ƙidaya, in an jera su, suna bin salsalar KdV. Maxim Kontsevich ya tabbatar da haka a 1992, ya samu lambar Fields a 1998. Daga baya Maryam Mirzakhani, 'yar Iran, ta sake tabbatar da shi ta wata hanya daban, kuma a 2014 ta zama mace ta farko da ta karɓi wannan lamba. Iyayen 'yan mata, kun ji.

Yadda ta iso Kamaru

To, ina ruwan Duwala? Ruwa biyu ne.

Na farko yana ƙarƙashin teku. A 1973 Akira Hasegawa da Fred Tappert suka yi hasashen cewa haske ma zai iya zama soliton a cikin zaren gilashi, a 1980 Linn Mollenauer da abokansa suka gani da ido. Wayar SAT-3 wadda ta fara aiki a 2002 tana fitowa tudu a Duwala, WACS kuma a Limbe. Duk saƙon murya da ɗan New Bell ke aika wa 'yan'uwa a Makka ko Paris, haske ne yake zama a cikin irin wannan zare. Ba mu ce wayoyin yau da soliton suke aiki ba, injiniyoyi sun samu wasu dabarun. Amma jimlar da suke lissafa tafiyar hasken da ita 'yar gidan nan ce. Wanda ya tuna ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyi suka tsinke a tekun Kodebuwa intanet ya tsaya a ƙasashe da dama har da Kamaru da Najeriya, ya san cewa ciniki ma a kan wannan zare yake tafiya.

Na biyu yana cikin jami'o'inmu, kuma mutane da yawa ba su sani ba. A can baya, a birnin Dijon na Faransa akwai wani malami, Michel Remoissenet, wanda ya shahara da tayar da soliton a cikin layin lantarki, wato jerin ƙananan kayan rediyo da aka harhaɗa a kan tebur, mai yin aiki kamar carbin Fermi. Wani ɗan Kamaru, Timoléon Crépin Kofané, ya yi karatu a wurinsa, a 1988 suka buga bincike tare. Ya komo Yawunde ya koyar, ya yaye ɗalibai masu yawa, su ma suka yaye nasu. A 1993 aka raba tsohuwar Jami'ar Yawunde, aka samu shida: Yawunde ta ɗaya da ta biyu, Duwala, Dschang, Buea da Ngaundere. Ta Marwa ta biyo a 2008. Ɗaliban nan suka bazu a cikinsu. Cikinsu akwai Alidou Mohamadou, wanda ya koyar a sashen fiziks na Duwala kafin ya koma Marwa. Tarayyar Afirka ta ba Farfesa Kofané lambar Kwame Nkrumah ta kimiyya ta 2014. Ga shi ita ma salsala ce, ta malamai.

Me ya sa wannan fanni ya kama ƙasa a Kamaru? Dalili ɗaya a fili yake: ba ya bukatar na'urar biliyoyi. Alƙalami, takarda, kwamfuta, sai kai mai haƙuri. Yawancin aikin da ake yi a nan na ɓangaren amfani ne: soliton a layin lantarki, a zaren gilashi, a maganaɗisu, a ƙwayoyin halitta. Wasu kuma suna gwada sababbin jimloli su ga ko masu warwaruwa ne. Tun 2013 akwai cibiyar AIMS a Limbe mai horar da matasan Afirka a lissafi, ga kuma cibiyar Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam na Pakistan ya kafa a 1964 domin masanan ƙasashe irin namu.

Komawa ga wasiƙar Alhaji

Alhaji, ga gaskiya ba rufa-rufa. Wannan karatu ba zai hana ruwa shiga ɗakinka ba. Ambaliyar New Bell maganar lambatu ce da shara da gini a kan hanyar ruwa, aikin magajin gari ne da mutanen unguwa. Ba kuma hanyar kuɗin gaggawa ba ce. Yawancin masu yin sa malanta suke ƙarewa, a lise ko jami'a, wasu su daɗe suna jiran a ɗauke su aiki, wasu su fita waje ba su dawo ba. Mai shago mai albarka yana iya fin farfesa samu. Tsoronka na wanda zai riƙe gida ba tsoron banza ba ne.

Amma akwai ɗaya gefen. Kakanninmu sun zo nan baƙi, makarantun boko na farko kuma a hannun mishan suke, sai suka riƙe allo da kasuwa, da su suka tsare addini da harshe fiye da shekara ɗari. Allah ya saka musu. Sai dai abin ya bar mana giɓi: jami'ar da bensikin ɗaya zai kai ka daga ƙofar babban masallacin New Bell, 'ya'yanmu ba su yi yawa a ɗakunan bincikenta ba. Lissafi kuwa ba baƙonmu ba ne. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi ya rubuta littafi a kan hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, har yau masu tarihin lissafi suna ambatonsa. Jami'ar Yamai sunan masanin fiziks take ɗauke da shi, Abdou Moumouni.

Shawararmu ita ce ku zauna da yaron, ka yi masa tambayoyi irin na ɗan kasuwa. Wane malami ne zai riƙe shi? Ɗaliban malamin na baya ina suke yanzu? Shekara nawa, kuɗi nawa, akwai tallafi? Zai iya riƙe maka littafin shago da yamma da ranakun hutu? In ya amsa da natsuwa, da sunaye da lissafi, to ka san ba gudun aiki yake ba. In kame-kame ya yi, kai ma ka gane.

Russell ya rasu ba a san darajar taguwarsa ba. A watan Yuli na 1995 masana daga ƙasashe da dama suka taru a wannan kanal ɗin, suka tsayar da jirgi, suka sake tayar da ita a kan wata gadar ruwa da yanzu ake kira da sunansa. Shekara 161 ke nan tsakani. Irin wannan ilimi haka yake biya, a hankali, kuma sau da yawa ba wanda ya shuka ne ke girbi ba. Mai goro ya san wannan, domin wanda ya dasa itacen ba lalle shi ne zai kai huhu kasuwa ba.

Alhaji, Allah ya yi wa zuri'a albarka, ya zaɓa muku abin da ya fi alheri. Jama'a, mai ƙarin bayani ko gyara, musamman malamai da ɗalibai na Duwala da Ngaundere da Marwa, ƙofarmu a buɗe take. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.